Gundura da Asibitin Makaranta: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya haɗa gundura da lafiyar ɗalibai? Ai wannan gabas, wancan yamma.

Haka ake gani daga nesa. Amma duk wanda ya taɓa bin layi a kilinik ɗin jami'a ya san akwai masu zuwa da zazzaɓi, akwai kuma masu zuwa da abin da ba su da sunansa. Ɗalibi zai ce jikinsa ba ƙarfi, karatu ba ya shiga, komai ya fita ransa. A auna jini ba maleriya, ba taifot. Sai a rubuta masa farasitamol da maganin ƙarin jini, ya koma ɗaki da abin da ya zo da shi.

Ni ma an yi mini haka ina aji biyu. Ma'aikaciyar jinyar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗan nan, kai dai ƙoshi ne ke damunka." Ban ji haushinta ba, don a bayana akwai wata ɗaliba da aka riƙo tana karkarwa. Sai dai tambayar ta zauna mini: wannan abu da nake ji, na waye? Na likita ne, na malamin aji, na liman, ko nawa ni kaɗai? Tarihin gundura da tarihin asibitin ɗalibai duk kewaye suke yi wa wannan tambaya, kowane zamani da amsar da yake bayarwa.

Wai gundura har tarihi gare ta? Ba tun fil'azal mutum ke gajiya da zama ba?

Jin kansa tsoho ne. Abin da ke sauyawa shi ne sunan da ake ba shi da wanda ake ɗora wa laifi. Seneka, masanin falsafar Rum da ya rasu a shekara ta 65, ya yi rubutu kan masu kuɗin da ke tashi daga wannan gari zuwa wancan suna gudun ƙosawa, sai su tarar ita ce ta riga su sauka.

Amma bayanin da ya fi kama jiki ya fito ne daga hamadar Masar. A ƙarni na 4 akwai 'yan zuhudun Kirista da suka ƙaurace wa gari suka zauna a ƙananan ɗakuna don ibada. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus mutumin yankin Fontus, wanda ya rasu a 399, ya lissafa miyagun tunani takwas da ke addabar mai ibada, ya ce mafi nauyinsu shi ne wanda suke kira akediya, ko shaiɗanin tsakar rana. Ya ce yana kawo farmaki daga hantsi zuwa bayan azahar. Yakan sa mutum ya ga kamar rana ta tsaya cik, yinin ya zama na awa hamsin. Sai ya yi ta leƙen taga, ya fito ya dubi rana ya ga saura nawa lokacin cin abinci, ya waiga ko wani ɗan'uwa zai ɓullo su yi hira. Daga nan sai ya tsani ɗakin, ya tsani aikinsa, ya fara raya wa kansa cewa a wani wurin zai fi samun natsuwa. Duk wanda ya taɓa zama laccar ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, fanka ba ta juyawa, ba ya bukatar a yi masa fassara.

Almajirin Ebagiriyus, Yahaya Kasiyan, ya kai wannan koyarwa Turai, da maganinta: aikin hannu. Ya ba da labarin wani dattijo mai suna Bulus da ke saƙa kwanduna da ganyen dabino kullum, alhali gari ya yi masa nisa, babu mai saye. In shekara ta zagayo sai ya tara su ya cinna musu wuta, ya sake sabon lale. Bahaushe ma ya ce da zaman banza gara aikin kishiya. Daga baya cocin Turai ya cusa wannan hali cikin manyan zunubai bakwai, a ƙarƙashin lalaci. Wato na kusan shekara dubu, mai gundura a can mai zunubi ne, wurin malamin addini ake kai shi.

A Musulunci fa, an san da ita?

An sani, kuma abin lura shi ne inda aka ajiye nauyin. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud yakan yi wa mutane wa'azi duk ranar Alhamis. Wani ya ce masa da ma kullum ne. Sai ya amsa cewa abin da ya hana shi shi ne ba ya son ya gundure su, kuma haka Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokacin wa'azi don gudun kada su ƙosa. A nan ƙosawar mai sauraro ba zunubinsa ba ce, abu ne da mai karantarwa zai yi la'akari da shi. Akwai kuma hadisin da ya yi umarni da mutum ya ɗauki aikin ibadar da zai iya jurewa, aka ce mafi soyuwar aiki shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Makarantar allo ma ba ta yi sakaci da wannan ba, shi ya sa ake tashi Alhamis da Juma'a. Sannan tun ƙarni na 9 zuwa na 10, Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai a haɗe, har ya raba baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana bukatar magani irin na likita. Wannan rabe-raben shi ne har yau ake fama da shi a asibitocin makarantu.

To yaushe ta tashi daga zunubi ta zama damuwar zamani?

Sannu a hankali, tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Faskal, Bafaranshen da ya rasu a 1662, ya ce tushen wahalar mutane shi ne kasa zama shiru a ɗaki. Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita yau, wato "boredom", ba ta daɗe ba: aikatau ɗinta ya bayyana a wajajen 1760, sunan kuwa sai a ƙarni na 19 ya bazu. Jamusawa nasu suna sun fi kowa dacewa, ma'anarsa "dogon lokaci". Shofenhawa, masanin falsafar Jamus, ya kwatanta rayuwa da lilo tsakanin wahalar nema da gundurar samu.

Da farko abin ado ne na masu hali. Wanda ya ce duniya ta gundure shi yana sanar da kai ne cewa ba ya noma, ba ya dako. Daga nan masana'antu suka zo da agogo da aikin da ake maimaitawa sau dubu a yini, sai gundura ta sauko wurin talaka. A 1918 Birtaniya ta kafa hukumar binciken gajiyar ma'aikatan masana'antu, kuma kafin 1930 masu bincikenta sun fara auna yadda ƙosawa ke rage yawan abin da ma'aikaci ke samarwa. Ba tausayi ne ya fara jawo hankalinsu ba, asara ce. Makarantar boko ta kowa da kowa ita ma a wannan zamani ta kafu, da ƙararrawarta da jadawalinta da benci a jere. Ba mamaki in ɗalibi ya gaji abin da ma'aikaci ya gada.

Hausa tana da nata kalmomin, kuma ba ɗaya suke ba. Gundura daban, ƙosawa daban, kaɗaici daban, kewa daban. Zaman kashe wando kuwa hukunci ne da na waje ke yankewa, ba bayanin abin da mai zaman ke ji ba.

Masana halayyar ɗan Adam me suka gano a kanta?

A 1986 wasu Amurkawa biyu, Farmer da Sundberg, suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 28 na gane wanda ke saurin gundura. Tun daga lokacin bincike ya yi ta nuna cewa masu yawan maki a ma'aunin sun fi faɗawa ciwon damuwa, shaye-shaye, caca da cin abinci ba don yunwa ba. A kula: tafiya tare ba ita ce haihuwa ba. Ba a ce gundurar ce ke haifar da su duka ba.

A 2012 John Eastwood na Jami'ar York a Kanada da abokan aikinsa suka ba da ma'anar da aka fi amfani da ita yanzu: mutum yana son ya shagala da wani abu mai gamsarwa amma ya kasa. Wannan ma'ana ta wanke mai gundura daga zargin lalaci, domin malalaci ba ya so, shi kuwa yana so, hankalin ne ya ƙi kama komai.

Gwajin da ya fi yawo shi ne na Timothy Wilson a Jami'ar Bajiniya, 2014. Aka sa ɗalibai su zauna su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka. Dukkansu sun ɗanɗana jan tun farko, kuma mafi yawansu sun ce za su biya kuɗi don kada a sake yi musu. Duk da haka a cikin waɗanda suka faɗi haka, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Wani bawan Allah sau 190 ya danna, har aka cire shi daga lissafi. Adadin mutanen kaɗan ne, bai kamata a gina gari a kansa ba, amma ya nuna abin da iyaye suka daɗe da sani: yaron da ya rasa abin yi, ko wuta ce zai taɓa.

Shi kuma asibitin ɗalibai, yaushe aka fara shi?

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko a Amurka shi ne na Kwalejin Amherst, inda a 1861 aka ɗauki Dakta Edward Hitchcock ya kula da lafiyar ɗalibai. Aikinsa ya haɗa da duba marasa lafiya, koyar da tsafta, atisayen dole, da auna tsawo da nauyi da faɗin ƙirjin kowane ɗalibi. Ya yi kusan shekara hamsin yana wannan aiki.

Abin da ya tilasta wa sauran makarantu bin sahu annoba ce. A 1903 taifot ta ɓarke a garin Ithaca saboda gurɓataccen ruwan sha, ta kashe mutum 82, cikinsu 29 ɗaliban Jami'ar Cornell ne. Murar 1918 ta mayar da ɗakunan kwana da na wasanni asibitoci. A 1920 likitocin makarantun Amurka suka kafa ƙungiyarsu. Babban abokin gaba a lokacin tarin fuka ne, shi ya sa hoton ƙirji ya zama sharaɗin shiga makaranta, al'adar da ta biyo mu har nan: sabon ɗalibi da fom ɗinsa a hannu yana neman inda za a ɗauke shi hoton ƙirji. A Faransa ƙungiyar ɗalibai ce da kanta ta yi fafutukar gina asibitin masu tarin fuka a kan tsaunuka kusa da Grenoble, aka buɗe shi a 1933, inda mara lafiya ke jinya yana ci gaba da karatu.

Wato asalin kilinik ɗin makaranta katanga ce: a tare cuta a ƙofa, a ware wanda ya kamu, a mayar da sauran aji.

Ta yaya aka koma daga ƙirji zuwa ƙwaƙwalwa?

Tun 1910 Jami'ar Princeton ta samu likitan ƙwaƙwalwa, Stewart Paton, bayan an lura cewa ɗalibai masu ƙoƙari suna barin karatu ba don rashin lafiyar jiki ba. Amma babban sauyin ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar 1944 ta ba tsofaffin sojojin Amurka damar shiga jami'a da kuɗin gwamnati, suka shigo da yawa, da iyalansu da abin da suka gani a fagen daga, aka buɗe musu ofisoshin ba da shawara. A daidai lokacin maganin tarin fuka da alluran rigakafi suka rage cututtukan da aka gina asibitocin dominsu. Gadaje suka yi sauƙi, kujerun tattaunawa suka ƙaru.

Ɗalibai ma ba su jira hukuma ba. A 1970 a Jami'ar Essex ta Ingila suka buɗe layin waya na dare, ɗalibi ya kira ɗan'uwansa ɗalibi ya saurare shi har gari ya waye, ba tambayar suna. Tsarin ya bazu zuwa jami'o'i da dama.

A wannan ƙarnin kuma buƙata ta fi ƙarfin masu aikin. Wata cibiya a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke tattara alƙaluma daga ɗaruruwan makarantu ta nuna cewa tsakanin 2009 da 2015 masu zuwa neman shawara sun ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali yawan ɗalibai bai ƙaru da fiye da kashi 6 ba. Fargaba ta zarce ciwon damuwa a jerin abin da ke kawo su. Korona ta 2020 ta mayar da ganawa da yawa ta bidiyo. Akwai dalili mai ƙarfi na wannan kulawa: kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin tsakiyar shekaru ashirin. Shekarun jami'a ke nan cif.

Wannan duk labarin Turawa ne. A Najeriya an taɓa nazarin abin?

An yi, tun kafin a samu 'yanci. Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, inda Thomas Adeoye Lambo ya yi suna da tsarin jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye, ya wallafa bayani a 1960 kan wani ciwo da ɗalibai ke kawo masa. Ya kira shi da sunan da su kansu ke kiransa, ma'anarsa gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamunsa zafi ko jin kamar wani abu na tafiya a ka da wuya, ido ya dushe, mutum ya karanta shafi ya kasa kama ma'ana, barci ya kwashe shi da zarar ya buɗe littafi.

Prince ya danganta abin da karo tsakanin al'ada da karatun boko, har aka daɗe ana lissafa shi cikin cututtukan da suka keɓanta da Afirka. Likitocin Najeriya da suka biyo baya, irin su Olufemi Morakinyo, sun kawo bayani mafi kusa da ƙasa: ɗalibin da dangi suka zuba masa ido, yana kwana karatu da kofi da ƙwayoyin hana barci, tsoron faɗuwa na cinsa. Kuma an gano cewa sunan ma likitocin Birtaniya sun yi amfani da shi a kan mutanensu tun ƙarni na 19. A ganina darasin da ke ciki shi ne cewa ɗalibinmu ya fi saurin cewa kansa na zafi a kan ya ce ransa ba daɗi, domin na farkon ne ake ba wa kati.

Ta fuskar doka an motsa. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Akwai kuma tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, wanda kuɗinsa ke cikin kuɗin rajista. Ɗalibai da yawa suna biya ba su san sun biya ba.

To gundura cuta ce ko ba cuta ba? Ta yaya zan bambance?

Ba cuta ba ce, babu ita a kundin cututtuka. Alama ce kamar ƙishirwa: tana gaya maka abin da kake yi bai kama hankalinka ba, ko ba ka ga amfaninsa ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a sauya wuri. Mai gundura, in abokai suka leƙo suka ce a zo a je kallon ƙwallo, zumbur zai miƙe. Mai ciwon damuwa ko an kai shi ba zai ji daɗin ba, abin da yake so a da ma ya zama masa kamar tuwon da ba miya.

Likitoci suna duba ko abin ya kai mako biyu yana nan kusan kullum, tare da sauyin barci ko cin abinci, kasala, jin cewa kai ba kowa ba ne, ko tunanin mutuwa ta fi. Wannan na ƙarshen ba a jiran mako biyu a kansa, ranar da ya zo ranar ake faɗa wa wani. Akwai kuma abubuwan jiki da ke sa mutum ya ga kamar karatu ne ya gundure shi: ƙarancin jini, rashin barci, yunwa, matsalar ido, da matsalar tattara hankali da wasu ke tasowa da ita tun yarinta ba a gane ba. Ɗalibin da ya shiga lacca da ruwan leda kaɗai a cikinsa ba falsafa yake bukata ba.

Hatsarin biyu ne, kuma kowace ƙasa da wanda ta fi faɗawa. A Amurka da Birtaniya akwai masu kukan cewa an mayar da kowane ɗacin rai cuta, har layi ya yi tsawo mai tsananin buƙata ya rasa wuri. Mu a nan akasin haka ne: mai ciwo na gaske ake ce wa ya rasa abin yi ne, ko a ce sammu ne.

Yanzu da kowa ke da waya a hannu, ai gundura ta mutu?

Da ma. Bincike kan 'yan sakandaren Amurka ya nuna masu cewa suna yawan gundura ƙaruwa suka yi tsakanin 2008 da 2017, daidai shekarun da waya mai intanet ta shiga aljihun kowa. A 2024 masu bincike a Jami'ar Toronto suka gwada: waɗanda aka bari su yi ta tsallake bidiyo daga wannan zuwa wancan sun fi jin gundura a kan waɗanda suka kalli guda ɗaya na minti goma har ƙarshe. Wayar tana kashe lokaci amma ba ta ba hankali wurin sauka. Kamar mai yunwa ne da aka ba alewa.

Idan lacca ta gundure ni, laifina ne ko na malam?

A raba muku. Wani bincike a wata jami'ar Ingila a 2009 ya samu kashi 59 cikin ɗari na ɗalibai suna cewa aƙalla rabin laccocinsu na gundurarsu, kuma abin da suka fi kuka da shi shi ne malamin da ke haska rubutu a allo yana karanta musu. Reinhard Pekrun, Bajamushen da ya daɗe yana nazarin yadda ɗalibai ke ji a aji, ya nuna tana tasowa ne in darasi ya fi ƙarfinka ko ya yi maka sauƙi ainun, ko kuma ba ka ga inda zai amfane ka ba. Sannan zagaye take yi: ta rage maki, ƙarancin maki ya ƙara ta.

A nan sai a ƙara da namu. Ɗalibin da ya nemi likitanci aka ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, aji mai mutum ɗari biyar ba lasifika, malam na karanta takardar da ta yi ja don tsufa. Ba ƙwayar da za ta warkar da wannan. Malamin da ke jin haushi ya tuna da Ibn Mas'ud da Alhamis ɗinsa. Ɗalibi kuma ya san cewa wani karatun dole sai an jure, haddar Alƙur'ani ma ba kullum take da zaƙi ba.

Zaman jiran yajin aiki fa? Shi ma gundura ce?

Ita ce babbarta, kuma asibitin makaranta ba ya ganinta, don a lokacin ɗaliban suna gida. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata tara suna yajin aiki, a 2022 kuma wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wannan ba irin ta ɗan zuhudun da ke jiran la'asar ba ce, domin shi ya san ranar za ta faɗi. Wannan jira ne da ba a san ƙarshensa ba: ba ka iya kama sana'a da gaske don gobe ana iya cewa a koma, ba ka kuma iya buɗe littafi don ba ka san ranar jarrabawa ba.

Adeline Masquelier, wadda ta shafe shekaru tana bincike a Nijar, ta yi nazarin fada, wato majalisar samarin da ke zama a bakin titi suna dafa shayi. Abin da ta lura da shi ya cancanci a ji: shayin da ake dafawa a kan gawayi, zagaye uku, ana juya shi daga buta zuwa kofi har ya yi kumfa, hanya ce ta ba wa yini siffa ga wanda ba shi da aikin zuwa. Kwandunan Bulus ke nan a wata riga. Mai wucewa a mota zaman kashe wando yake gani, amma a nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa wa wanda ya kwanta asibiti kuɗi.

Ba a musun ɗaya gefen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a Mayun 2018 ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙanina a yajin 2022 ɗinki ya shiga koyo wurin wani maƙwabci, ba don yana so ba, don Hajiya ta ce ba za ta iya ganinsa kwance har azahar ba. Abokinsa da suka taso tare bai samu mai tashinsa ba, kuma da aka koma makaranta bai koma ba.

In na faɗi damuwata a kilinik, za a gaya wa iyayena ko shugaban sashe?

Ƙa'idar aikin likita ita ce sirri, kuma ɗalibin da ya kai shekara 18 baligi ne a wannan fage. Togaciyar da aka sani ita ce in akwai hatsari ga ransa ko na wani. Wannan togaciya tana da tarihi: wata kotun Kalifoniya a 1976 ta yanke cewa mai ba da shawara yana da alhakin kare wanda aka yi barazanar kashewa, bayan wani ɗalibi a jami'ar Berkeley ya faɗa wa mai ba shi shawara niyyarsa ta kisa kuma ya aikata. Jami'ar Bristol a Ingila, bayan rasa ɗalibai da dama, ta fito da tsari a 2018 inda ɗalibi ke ba da izini tun ranar rajista a kira wani nasa in abu ya yi tsanani. Kana da damar tambaya kafin ka buɗe baki: wa zai ga fayil ɗin nan?

Me zan ce in na je, tunda "na gundura" ba ta karɓar kati?

Ka ba da labari da lissafi, kada ka ba da suna. "Likita, yau mako uku ba na barci sai bayan biyu na dare. Na daina zuwa lacca, abinci sau ɗaya nake ci, ƙwallon da nake so ma ba na kallo." Wannan ya fi "jikina ba daɗi" sau goma. In kana shan wani abu don barci ko don karatu, ka faɗi sunansa da yawansa. In aka ba ka maganin zazzaɓi ba tare da gwaji ba, ka nemi a gwada. In gwajin ya fito ba komai kuma abin bai tafi ba, ka koma ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so a tura ni wurin mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa." Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara a ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai, sau da yawa a wani lungu da ba allo a ƙofarsa, sai an tambayi masinja. Ka tafi da katin makaranta da rasit ɗin rajista, kuma in kana jin nauyin magana, ka ja abokin ɗakinka ya raka ka, ko da a benci zai zauna ya jira.